Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi ga Masu Keke da ke Shirin Doguwar Tafiya a Ƙasa



Iyayena da 'yan'uwana na ɓangarori biyu na iyaka, mutanen Daura da Mai'aduwa, mutanen Matamaye da Magariya, ina gaishe ku da ɗawainiya. Ni ma'aikacin lafiya ne na karkara. Na yi karatun jinya, kuma na daɗe ina zaga ƙauyuka a kan keke da jakar magani a bayana. Wanda ya halarci zaman ya ji da kunnensa, wanda bai halarta ba kuwa ga takarda ta iso masa, sai ya karanta, ya kuma karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana tambaya ce da ake yawan yi mini idan damina ta gabato, ko kuma idan maniyyata sun fara haɗa kaya. Sai mutum ya ce: "Malam, ni kullum a kan keke nake, safe da yamma. Ai ba sai na yi wani shiri ba kafin doguwar tafiya a ƙasa, ko?" Amsar a taƙaice ita ce, keke ya yi maka rabin aiki, kuma rabi ne mai daraja. Sauran rabin kuwa ƙafa ce kaɗai za ta iya yinsa. Zan yi bayanin dalili, sannan in faɗi yadda za a cike giɓin.

Abin da ya same ni

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Wata shekara, tun daga kaka har ƙarshen bazara, ban yi wata tafiyar kirki a ƙasa ba. Daga gida zuwa ɗakin shan magani keke, daga can zuwa ƙauyuka keke, har masallacin unguwa sai in haye abina. Ina jin kaina garau, numfashina ba ya sarƙewa, samari ma ba sa wuce ni a hanya.

Da ruwa ya sauka, aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara, wanda ake bi gida gida kowane wata a cikin damina. Wani rafi ya cika ya yanke hanyar rugagen da aka ba ni, dole na jingine keke a gidan mai gari, na saɓa jaka na kama tafiya. Ranar farko na dawo ina yi wa abokan aikina dariya. Rana ta biyu na tashi sharaɓata ta ɗaure tamau kamar an ɗaura mata igiya, ga bororo biyu a dunduniya. Rana ta uku kuwa ko tsugunno ya gagare ni. Abin mamaki, wata dattijuwa da ke cikin ayarinmu, wadda ba ta taɓa hawa keke ba a rayuwarta, ita ce ta karɓi jakata ta ɗora a kai ta wuce gaba. Gidaje da yawa da ya kamata in shiga a ranar sai washegari aka kai musu magani. Abin ya dame ni ƙwarai, domin jinkirin a kan yara ya faɗa.

Tun daga ranar na gane cewa jiki yana ƙwarewa ne a kan aikin da aka saba ba shi. Hausawa sun ce jiki magayi. Nawa ya gaya mini.

Alherin da keke yake yi wa jiki

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malamin asibiti ya hana hawa keke. Keke yana daga cikin mafi alherin abubuwan da talaka ya mallaka, ga sauƙin tafiya, ga lafiya.

Babban amfaninsa yana ga zuciya da huhu. Idan kana tuƙa keke a kai a kai, zuciyarka tana ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta bukatar yawan bugawa. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune yana hutawa, wanda ya saba motsa jiki kuwa sau da yawa nasa yana kusa da 60, wani ma ya gaza haka. Kana iya gwada naka: da asuba kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu.

Keke yana taimakawa wajen rage hawan jini, da daidaita sukarin jini, da hana ƙiba. Yana gina tsokar cinya, musamman ta gaba. Ga wanda gwiwarsa ke ciwo saboda tsufa ko nauyin jiki, keke rahama ne, domin yana motsa gaɓa ba tare da an jibga mata nauyi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ɗaga, kana iya magana amma waƙa ta gagare ka. Mai tuƙa keke rabin awa kullum ya cika wannan ma'auni. Sai dai ƙa'idojin ba su tsaya nan ba, sun ƙara da cewa a yi aikin ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako, kuma waɗanda suka kai shekara 65 su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don gudun faɗuwa. Nan ne keke shi kaɗai yake gazawa.

Wannan ƙarfin zuciya da keke ya ba ka yana bin ka duk inda ka je. Idan ka sauka ka kama tafiya a ƙasa ba za ka yi haki da wuri ba. Amma kuma a nan tarkon yake. Wanda bai saba komai ba, haki ne zai tsayar da shi tun kafin ƙafarsa ta ji rauni. Mai keke kuwa zuciyarsa tana ce masa "ci gaba", alhali ƙafar ta riga ta kai iyakarta. Injin sabo ne, tayoyin ne ba su saba da hanyar ba.

Abin da keke ba ya koya wa jiki

Bambancin ya taso daga abu guda: a kan keke sirdi ne yake ɗauke da mafi yawan nauyinka, a ƙasa kuwa ƙafarka ce. Kowane taku, nauyin jikinka gaba ɗaya yana sauka a kan ƙafa guda, har ya ɗan haura. Kilomita ɗaya taku ne wajen 1,300 zuwa 1,500, gwargwadon tsawon mutum. Ke nan wanda ya yi kilomita 10 ya sauke nauyinsa a kan ƙafafunsa fiye da sau 13,000. Bari mu bi jikin daga ƙasa zuwa sama mu ga inda wannan nauyi yake faɗawa.

Na farko, fatar ƙafa. A kan feda ƙafa tana zaune wuri ɗaya. A tafiya kuwa tana goguwa da takalmi a kowane taku, ga zufa, ga yashi da ke shiga. Fatar da ba ta saba ba sai saman ta ya rabu da na ƙasa, ruwa ya taru, bororo ya fito. Manomi ya san wannan a hannunsa: ranar farko ta noma hannu yana yin bororo, bayan makonni sai ya yi kanta. Ƙafa ma haka take. Bororo ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya zaunar da ƙato.

Na biyu, tafin ƙafa da idon sawu. A kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da ƙananan tsokoki da jijiyoyi masu riƙe da su. Ƙasusuwan ƙafafu biyu, wato 52, sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Aikinsu shi ne su karɓi nauyi, su lanƙwasa daidai da ƙasar da aka taka, kunya ce ko rami ko tsakuwa, sannan su tura mutum gaba. Feda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta canzawa, don haka waɗannan ƙananan ma'aikata hutu suke yi. Ranar da aka tashe su aiki ba shiri, sai ka ji mutum yana kukan dunduniya, musamman takun farko da asuba, ko kuma ya gurɗe a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Na uku, sharaɓa da agara. Agara ita ce kakkaurar jijiyar nan da ta haɗa tsokar sharaɓa da dunduniya, mahauta sun san ta sarai, kuma babu jijiyar da ta fi ta ƙarfi a jikin mutum. A tafiya tana miƙewa ta dawo a kowane taku kamar robar gwafa. A kan keke cinya ce ke yin mafi yawan aikin, sharaɓa da agara ɗan taimako kawai suke yi. Shi ya sa sharaɓa ce farkon mai kai ƙara idan mai keke ya yi doguwar tafiya.

Na huɗu, aikin birki. Tsoka tana da aiki iri biyu. Akwai na turawa ko jawowa, kamar lokacin da kake ɗaga buhun gero zuwa kai. Akwai kuma na riƙewa, kamar lokacin da kake sauke buhun a hankali don kada ya faɗi. A na biyun tsokar tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kuma shi ne ya fi gajiyar da zarurrukanta. Tuƙa keke kusan dukkansa turawa ne, idan ka zo gangara ma sai ka saki feda ka huta. Mai tafiya a ƙasa kuwa cinyarsa tana taka birki a kowane taku, a gangara abin ya ninku. Wannan ne ke kawo tsamin jikin da ba ya bayyana a ranar, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ya hana ni tsugunno ke nan a rana ta uku. Labari mai daɗi shi ne, idan tsoka ta sha wannan tsami sau ɗaya ta warke, karo na gaba ba ya kai na farko. Ashe gara a sha shi a gida, kafin ranar aiki.

Na biyar, ƙashi. Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace, alhali rayayye ne. Ku ɗauke shi kamar gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe: kullum akwai masu kankare tsohon, akwai masu shafa sabon. Abin da ke gaya wa masu shafawa inda za su ƙara kauri shi ne nauyin da ke sauka a wurin. Wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana wannan ƙa'ida tun a 1892, cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da ake ɗora masa. An ga gaskiyarta a kan 'yan sama jannati, waɗanda ke zama inda jiki ba shi da nauyi: suna rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu a kowane wata. An kuma auna ƙwararrun 'yan tseren keke, masu zuciya kamar ta doki, aka tarar da yawansu ƙashinsu bai kai ƙwarin na masu gudu ba.

Ban ce keken zuwa kasuwa zai ruɓar maka da ƙashi ba. Abin da nake cewa shi ne keke ba ya ƙara masa ƙwari yadda tafiya da ɗaukar kaya suke yi. Idan aka ɗora wa ƙashin da bai saba ba tafiya mai yawa kwatsam, yana iya yin 'yar siririyar tsaga ba tare da an faɗi ko an buge ba. Tun a 1855 wani likitan soja a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Breithaupt, ya rubuta labarin kumburin ƙafar sojoji bayan dogon maci, daga baya aka gane tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa ce. Har yau ana ganin ta ga sababbin kurata, da duk wanda ya yi wa ƙafarsa irin wannan ba-zata.

Ku riƙe wannan: zuciya da huhu suna ƙaruwa cikin makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai an yi watanni.

Na shida, ƙugu da baya. Mai keke a sunkuye yake, cinyarsa ba ta miƙewa zuwa baya sosai. Mai tafiya kuwa a tsaye yake, kuma a kowane taku akwai lokacin da yake kan ƙafa ɗaya, tsokokin gefen ƙugu ne ke hana shi karkacewa. Idan ba su saba ba, bayan 'yan awoyi sai ciwon kwankwaso ya taso, musamman ga mai ɗauke da jaka.

Na bakwai, rana da yashi. Tafiyar da keke zai yi cikin minti 20 mai ƙafa sai ya yi awa guda, domin mai tafiya yana cin wajen kilomita 5 a awa, mai keke kuwa ninki uku na haka ba tare da wahala ba. Ke nan zamanka a cikin rana ya ninka sau uku, kuma babu iskar nan da ke busar maka da zufa a kan keke. Ƙasarmu kuma jigawa ce. An auna an ga tafiya cikin yashi mai laushi tana cin ƙarfi ninki biyu ko fiye na tafiya a kan tauri. Don haka kada ka auna tafiyar ƙasa da kilomitocin keke. Auna ta da awoyin da za ka yi a tsaye.

Wa abin ya shafa?

Wanda yake noma, ko kiwo, ko yana saukowa ya tura kekensa cikin yashi da buhu a kai, ƙafarsa tana samun rabonta, damuwarsa kaɗan ce. Haka iyayenmu mata masu zuwa rijiya da itace da kai abinci gona. Su kam a wannan fanni malamanmu ne.

Waɗanda nake jiye wa su ne mutanen gari masu bin kwalta: malamin makaranta, ɗan kasuwa, ɗalibi, masinja, da mai zuwa gidan motsa jiki ya hau keken da ba ya tafiya. Irinsu ne doguwar tafiya take faɗo wa kwatsam ta hanyoyi uku.

Ta farko, aikin gida gida. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina a yankinmu na Sahel, kuma Nijar da Nijeriya duka suna yi. Masu rabon suna yin kwanaki a jere suna tafiya, a lokacin da hanyoyi suka lalace. Haka masu ɗigon rigakafin shan inna. Idan ƙafar ma'aikaci ta gaza, rugar da ta fi nisa ita ake bari.

Ta biyu, aikin Hajji da Umara. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, kuma ba takalmi, a kan daɓe mai tauri. Ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa kwanaki a jere, ga zafi. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, bai kamata bororo da ciwon agara su rage masa natsuwar ibada ba.

Ta uku, ranar da ba a zata ba: keke ya lalace a daji, ko ruwa ya yanke hanya, ko a ɗauki mara lafiya zuwa asibiti da ƙafa. Wannan ba ta sallama.

Shirin mako shida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka san ranar da za ka fara, ƙirgo mako shida baya. In ka samu wata uku ya fi, domin ƙashi da jijiya su samu nasu lokacin. Kada ka ajiye keken, rage masa kwana kawai.

Mako na 1 da na 2: yi tafiya ta minti 20 zuwa 30, kwana uku a mako, a bar kwana ɗaya tsakani. Za ka ji kamar wasa ne, zuciyarka za ta ce ka ƙara. Kada ka biye mata.

Mako na 3 da na 4: kai ta minti 40 zuwa 45, kwana uku ko huɗu. Rana ɗaya a mako ka yi ta awa guda. Fara neman irin ƙasar da za ka taka, yashi ko kunyoyin gona ko tudu da gangara.

Mako na 5: ɗauki jakar da za ka yi aiki da ita, da rabin nauyinta tukuna, sannan cikakke. Doguwar tafiyar mako ta kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Gwada yin tafiya kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ita ce mai tona asiri.

Mako na 6: rage. Gajerun tafiye-tafiye kawai, jiki ya huta ya tara ƙarfi.

Wanda ba shi da lokaci na musamman, ga dabara: sauka daga keke saura kilomita ɗaya ka isa, ka tura shi. Je masallaci da kasuwar unguwa da ƙafa. Ranar Juma'a bar keken a zaure.

A haɗa da atisaye huɗu, kwana biyu ko uku a mako, ba sa bukatar ko sisi. Dafa bango ka yi ɗage a kan yatsu, ka sauko a hankali, sau 10 zuwa 15. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa hannu ba, ka koma a hankali, sau 10. Tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa 30, ka sauya. Sannan ka dafa bango, ka mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji sharaɓa ta miƙe, ka riƙe daƙiƙa 30.

Game da takalmi, kada ka sa sabo ranar tafiya. Wanda za ka yi aikin da shi, da shi za ka yi shirin. Ya kasance yatsu suna da sarari, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Silifas na roba ba na doguwar tafiya ba ne. Sa safa mai tsabta, ka riƙe ta canji, ka yanke farce. Da zarar ka ji wani wuri yana zafi, tsaya ka zazzage yashi, ka manna filasta tun bororo bai fito ba. Idan ya fito, kada a fasa shi da ƙaya ko tsohuwar reza, a wanke a rufe.

Game da ruwa da abinci, sha kafin ka fita, ka riƙe gora, ka riƙa kurɓa a hanya. Fitsarinka shi ne ma'auni: idan ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci. Fita da sassafe, ka nemi inuwa idan rana ta take. Ƙashi kuma yana son abincin da ke da sinadarin kalsiyam, kuma muna da shi a gida: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har ƙashinsu.

Lokacin da za a tsaya a nemi ma'aikacin lafiya

Tsamin jiki na ɓangarori biyu da ke raguwa bayan kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Amma waɗannan alamu ba a yi musu haƙuri:

Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ko jiri, ko suma.

Ciwo a wuri ɗaya tak a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da tafiya, wani lokaci da kumburi. Wannan yana iya zama tsagewar ƙashi. Kada a kai wa mai ɗori ya murza.

Sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan dogon zama a mota ko jirgi. Yana iya zama gudan jini. Kada a yi tausa, a tafi asibiti a ranar.

Fitsari ya yi baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri bayan aiki mai tsanani.

Mutum ya rikice a cikin rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi.

Mai ciwon suga kuma ina roƙonsa da babbar murya: duba ƙafarka kowane dare, har tsakanin yatsu, domin ciwon yana kashe ji, mutum ya ji rauni bai sani ba. Kada ka yi tafiya ba takalmi, kuma ɗan ƙaramin gyambo ma a kawo mu gani. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da duk wanda ya manyanta bai saba motsa jiki ba, su fara zuwa a auna su kafin su shiga wannan shiri. Ɗakin shan magani mafi kusa da kai shi ne naka, ko ta wane ɓangaren iyaka yake.

Kammalawa

'Yan'uwa, har gobe ina hawa kekena, kuma ina yi wa kowa fatan ya samu nasa. Abin da ya canza shi ne, yanzu kwana uku a mako ina barin sa a gida, kuma da na ga hadarin farko na shekara sai in ƙara tsawon tafiyata. Daminar da ta biyo bayan waccan, ni na ɗauki jakata da kaina har rugar ƙarshe, dattijuwar nan tana yi mini tsiya tana cewa ashe yaro ya girma.

Ku ba zuciya keke, ku ba ƙafa ƙasa, ku fara da kaɗan, ku fara da wuri. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya karanta wannan takarda ya miƙa ta ga wani mai keke, ko wani maniyyaci, ko wani mai aikin gida gida.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kai mu inda za mu, Ya dawo da mu gida lafiya.